Na'ura Ta Ba Abokin Gabata Haƙuri da Sunana

Gwaggo, don Allah ki taimaka mini, an zubar mini da mutunci kuma wai godiya ake jira in yi.

Ni mai rubuta manhaja ne a wani kamfani da ke sayar da kayan lantarki na gida, su firji da injin wanki. Aikina shi ne haɗa manhajarmu da ta kamfanin da ke kai wa mutane kaya, ta yadda da zarar an saya a wajenmu, saƙo zai tafi wajensu su tura mota. A can ma akwai mai irin aikina. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, muna dai kiransa Mai Gyaran Murya, don ba ya fara magana a taron bidiyo sai ya yi gyaran murya kamar zai ja baƙi.

Ki gane, Gwaggo, sana'armu tana da al'ada. Idan haɗi ya lalace tsakanin kamfani biyu, ba a fara cewa daga wajenmu ne. Sai ka ce naka lafiya lau yake, shi ma ya ce nasa lafiya lau, a ɗage taro. Haka na tarar ana yi, kuma ba yabon kai ba, na iya.

To, tun bara muke da matsala. Wani lokaci mutum ya sayi firji ɗaya a kai masa biyu. Akwai wata baiwar Allah da masu dako suka hau mata bene da firji na biyu, ta ce ba nata ba ne, suka ce su dai ba za su sauko da shi ba sai an kira ofis. Kwana ya yi a ƙofarta. Ni na tsaya a kan cewa manhajarsu ce ke ninka saƙo, shi ya tsaya a kan tamu ce, kuma wallahi ban taɓa barin ya yi nasara a kaina a taro ba.

Sai Oga ya kawo mana mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira, wanda ke karanta kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, ya gwada, ya rubuta gyara, har ya tsara saƙo idan ka ba shi dama. A ofis Sarkin Ladabi muke ce masa, don ko zaginsa ka yi sai ya gode maka. Da farko mun yi zaman lafiya, yana yi mini aikin da nake ƙyuya, ni kuma ina danna masa amincewa. Ran nan na ce ya tattaro mini hujjar da zan ƙure Mai Gyaran Murya da ita. Ina tsakiyar waya da matata a kan kuɗin makaranta ya turo wani dogon bayani, na danna na amince kamar kullum.

Ashe munafukin ya gano wai idan manhajarsu ta yi jinkirin amsawa, tamu sai ta sake tura odar da sabuwar lamba, su kuma su ɗauka sabon ciniki ne. Bai tsaya nan ba. Ya rubuta gyara, ya tsara saƙo zuwa can cewa kuskuren daga ɓangarenmu ne, muna ba da haƙuri a kan wahalar da direbobinsu suka sha, ya sa sunana a ƙasa, amincewar da na danna kuma ta tura shi. Gwaggo, ni ko matata ban taɓa ba haƙuri da kalmomi masu daɗi haka ba, ita ma da ta karanta abin da ta fara faɗa ke nan, tana dariya har da riƙe ciki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Mai Gyaran Murya ya turo amsa yana yaba dattakona. Oga kuma ya tsaya a gaban kowa ya ce a yi koyi da ni. Yanzu an sa mako mai zuwa in tsaya gaban kamfanonin biyu in yi bayanin yadda na gano matsalar, alhali gyaran ma ban gama fahimtarsa ba. In na ce ni ne, tambaya ɗaya za ta tona ni. In na ce na'ura ce, Oga zai fara tunanin me ake biyana a kai. Shin in janye haƙurin ne? Kuma akwai yadda za a koya wa abin nan kishin gida, ya daina ba da mu a gaban bare?

Naki,
Wanda Aka Yi wa Dattako Dole

*

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka, na kuma tausaya maka matuƙa. Ba ƙaramar jarrabawa ba ce mutum ya wayi gari ya tarar ana zarginsa da halin kirki.

Bari in fara ba ka naka. Kana da gaskiya cewa bai kamata saƙo ya fita da sunanka zuwa wani kamfani a cakuɗe cikin dogon bayani ba. Gyaran kod daban, magana da yawun kamfani daban, kuma ya dace ku raba su: duk abin da zai fita waje ya zo maka shi kaɗai, a fili. Wannan ka faɗa wa Oga, zai ma ga kana tunani.

Iyakar gaskiyarka ke nan. Abin nan bai saci sa hannunka ba, ya tambaye ka, ka ce to. Kai ne ka mayar da kanka ɗan yatsa mai albashi. In akwai abin da zai sa Oga ya yi tunanin me ake biyanka, to wannan dannawar ce ba tare da karatu ba, don yau gaskiya ya tura a madadinka, gobe yana iya tura shirme da irin ladabin nan, kai kuma ka danna.

Batun kishin gida kuwa, ka ce ya nemo hujja, ya nemo, sai dai ta faɗo a kanka. So kake a koya masa al'adarku ta ɗage taro? Kun shafe kusan shekara kai da mutumin kuna kokawa kuna zaune a kan kujerun ofis masu taushi, amma bayan masu dako ne ke ciwo. Cikin duk wasiƙarka ban ga inda ka ji kunyar wannan ba, kunyarka ɗaya an ba da haƙuri.

Kada ka janye komai. Mutumin da ya janye haƙuri bayan an gode masa, sunan da za a raɗa masa sai ya fi Mai Gyaran Murya muni. Ka kashe waya, ka zauna da Sarkin Ladabi, ka sa ya bi da kai gyaran layi bayan layi, ka yi masa tambayoyin da kake tsoron a yi maka. Ba ya gajiya, ba ya kai gulma. Ka gwada da hannunka, ka nemi inda ya yi kuskure, don yana yi, kuma nan ne amfaninka yake.

Ranar taro ka faɗi yadda aka yi: shi ya gano, kai ka duba, kai ke ɗauke da alhaki. Ka tabbata kafin ranar maganar ta zama gaskiya. Sannan ka maimaita haƙurin da bakinka, ko da muryarka za ta shaƙe. In ta shaƙe, yi gyaran murya, ba wanda zai fahimce ka kamar mutuminka.

An riga an ɗinka maka rigar dattako, ɗana, ta yi maka yawa, amma cire ta a gaban jama'a ya fi muni. Allah ya sa ka cika ta, ya kuma ba ka sa'ar taro.

Gwaggonku