Inda Dogo Ya Ƙare

Asabar da dare, Stapleton

Yau na kai katakona ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa. Kowa yana gina yankinsa na dogo a kan katako, sai a jona, jirgi ya ratsa duka. Ni garinmu Ƙauran Namoda na gina, har ciyawar tsakanin ƙarafa. Na tsayar da dogon a tsakiyar katakon, don a garinmu ya ƙare. Ashe a dokarsu dole ya fita ta gefe biyu, ya haɗu da na wasu. Na ce a raina ba za su karɓa ba.

Tsohon da ke shugabanta ya daɗe yana kallo. Na ce, "Baba, haka yake a gida." Sai ya sa nawa a ƙarshen layin.

Jirgin ya taho a hankali, ya tsaya garinmu. Wallahi sai da na leƙa, ko zan ga kaina na sauko.