Wayar da Ka Aiko wa Nabila

Ƙaura Namoda,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ɗana Ubaidullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, ya tsare ka a Fatakwal, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya. An gama yankan gero, ƙafar mahaifinka kuma ta yi sauƙi, har yana zuwa masallaci ba sanda.

Na rubuto ne domin a waya katse ni kake yi, ka ce ban san zamani ba. To ga abin da zamaninka ya jawo. Ka aiko wa 'yarka Nabila babbar waya, yarinya 'yar aji huɗu, har ka buɗe mata TikTok wai don ka riƙa ganinta. Ta ɗauki kanta a ƙofar makaranta, sunan makarantar a ƙirjin rigarta, tana faɗin babanta na aiki a kamfanin mai. Wani ya shigo mata hira a can da hoton yarinya, wai ita ma 'yar firamare ce. Daga yabon lalle, Nabila ta zuba labarin gidanmu har da shanun baffanta Hammadu. Sai aka tambaye ta ranar da zai kai su kasuwar Moriki da hanyar da yake bi, ta kuwa faɗa. A ƙasar da ko maƙwabci ba ma gaya wa ranar tafiya, saboda infoman 'yan bindiga! Ka manta inda aka haife ka ne?

Allah ya taimake mu da Malama Saudat. A darasin kwamfuta ta koya musu kada su ba baƙo sunansu, ko unguwa, ko hoto, kuma duk wanda aka yi wa irin wannan tambaya ya gaya wa babba. Ana tashi Nabila ta je wurinta da kuka, ta gaya mata komai. Baiwar Allah ta karɓi wayar, ta hau acaɓa ta kawo mini har ɗaki. Kai kuwa da ka kira ba ka samu 'yarka ba, sai ka nemi lambar malamar ka ci mata mutunci, wai ta ƙwace kayan ɗiyarka. Ban tarbiyyantar da kai haka ba, kuma na ji kunya.

Hammadu bai je Moriki ba, shanun na nan ɗaure, matarsa ba ta barci. Nabila kuwa ƙanenka Sufyanu ke kai ta makaranta yana ɗauko ta. Wayar tana ƙasan akwatina, makulli na wuyana. Ka kira Malama Saudat ka ba ta haƙuri. Ranar da ta shaida mini ka yi, ranar za ka ji muryar 'yarka a ƙaramar wayata.

Mahaifinka na gaishe ka, haka ƙannenka Safiya da Bilkisu. Hammadu bai ce a gaishe ka ba. Allah ya shirye ka.

Ni ce mahaifiyarka,
Rahama Gado