Fim ɗin da ban duba ba ya ɓata sunan mamaciya

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, ina fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya haƙuri da rayuwa. Admin don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina ya ƙi kwanciya.

Ni matar aure ce a Ƙofar Marusa, karatuna iyakarsa firamare. Sana'ata turin finafinai, matan unguwa da ba su fita sukan aiko da waya ko memori in zuba masu. Ina da ƙa'ida guda, duk fim ɗin ban tsoro sai na kalle shi har ƙarshe kafin in ba kowa, sannan in faɗa wa mai karɓa abin da ke ciki. Wannan akwai yanka, wannan akwai macizai, wannan mai ciki kada ta kalla, ana nuna mutuwar jariri. Har tsokanata ake wai Malama mai tace fim.

Sati biyu da suka wuce na samu wani sabo mai fassarar Hausa. Ranar kaina na ciwo, sai na riƙa tsallakewa, na ga tsohon gida ne da ƙarar ƙofa, na ce wa maƙwabciyata Sa'a babu komai ciki sai razanarwa. Ban kawo a raina ba cewa Sa'a tare suke kallo da uwar mijinta, Gwaggo Hure, in an yi la'asar. Gwaggo Hure kuwa ita ke wankan gawar mata a unguwarmu tun ba a haife ni ba.

Ashe a tsakiyar fim ɗin akwai inda ake wanke gawar wata mata, kuma wankan irin namu ne sak, ga buta, ga likkafani a gefe. Ana cikin wankan gawar ta damƙe hannun mai wanke ta. Sa'a ta ce nan take Gwaggo ta tashi ta shige ɗaki, amma tun ranar take yawan shafa wuyan hannunta.

Bayan 'yan kwanaki Balaraba mai awara ta rasu, baiwar Allah ce da ta zo daga wani ƙauye wajen Batagarawa, ba ta da kowa nan sai ɗiyarta Hindatu. Gwaggo ta shiga wanka, ba a jima ba ta fito a guje tana salati, tana cewa “Ta riƙe ni! Wallahi ta riƙe ni!” Sai daga Ƙofar Kwaya aka ɗauko wadda ta ƙarasa. Matar da ke zuba ruwa ta rantse hannun ne kawai ya zamo ya taɓa Gwaggo, amma wa zai saurare ta, alhali Gwaggo ba a taɓa kama ta da ƙarya ba?

Yanzu maganar ta cika unguwa, wai Balaraba mayya ce, wai shi ya sa gawarta ta ƙi wanka. Masu cin awararta jiya su ne ke lissafa yaran da suka yi ciwo bara. Ranar sadakar uku gumbar da aka raba gidaje da yawa sun maido ta. Hindatu ta tare ni a zaure idonta jawur, ta ce “Yaya, ke kin san innata, mi ta yi ma mutane?”

Na samu Sa'a na ce mu faɗi gaskiya, muka yi kaca-kaca. Ta ce in mijinta ya ji ita ta nuna wa uwarsa irin wannan abu aurenta ya mutu, kuma ai ni na ce mata babu komai ciki, in da mai laifi ni ce. Wannan kam gaskiya ta faɗa. Ta ƙara da cewa Gwaggo ba za ta taɓa yarda a ce fim ya firgita ta ba, tsufanta da mutuncinta, sai dai a ce na ƙaryata dattijuwa.

Jiya da safe na shiga gaishe da Gwaggo. Ta rame, ta naɗe wuyan hannun da ƙyalle. Ta ce mini ta bar wankan gawa har abada, kuma wadda za ta wanke ta ma in tata ta zo tana tausaya mata. Nan na gane har cikin ranta ta yarda an riƙe ta.

Jibi ne addu'ar bakwai, na ji mata na cewa ko ƙofar gidan ba za su bi ba. Ina tsoron tsayuwa gaban Allah da Balaraba, ta ce na san gaskiya na yi shiru. Jama'a, in tashi cikin mata in faɗa, in tozarta Gwaggo in kashe wa Sa'a aure? Ko in samu liman a ɓoye? In kuma Gwaggo ta rantse a gabansa cewa an riƙe ta, ni da mi zan rantse, tunda ba na cikin ɗakin?