Hayaƙin Matan Kado

Kasuwar Kifi, Kado
3 ga Maris, 2010

Ɗana Manniru,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya iyali? Ni ce Catherine, maƙwabciyarku ta Kafanchan, wadda ta goya ka lokacin da mamarka take kwance a asibiti. Na tuna maka ne don wataƙila kujerar ofis tana sa mantuwa. Sau uku ina zuwa ma'aikatarku mai gadi yana maido ni, wayarka kuma sai ta yi ta ƙara har ta gaji. Shi ya sa na koma takarda.

Ranar Litinin wasu mutane suka zo suka shafa jan fenti a murhunan da muke bandar kifi, guda arba'in da biyu. A Abuja ko jariri ya san ma'anar jan fenti. Suka manna notis, wai hayaƙinmu yana ɗumama duniya, wai ƙarshen wata za a rushe. Na sa gilashina na duba ƙasan takardar, sai ga sunanka cikin 'yan kwamiti.

Shekara goma sha shida ina wannan aiki, da shi na karantar da yara huɗu. Idona kaɗai na san hayaƙin nan ya cuta. To kai da ka yi karatun abin har ƙasar waje, gaya mini tsakani da Allah, mu ne muke ƙona duniya?

Ka gaida matarka Nabilah.

Mamarka,
Catherine

*

Abuja
8 ga Maris, 2010

Zuwa ga Mama Catherine,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman afuwa. Ban manta ba, kunya ce ta hana ni ɗaga waya.

Kin nemi gaskiya, ga ta. Ba ku ba ne. Iskar da ke ɗumama duniya yawancinta daga manyan ƙasashe masu arziki take fitowa. Suna ƙona kwal da gas dare da rana don samar da lantarki. Suna narka ƙarfe, suna gasa siminti. Ga motoci ba iyaka, ga jirage, ga gidajen da ake ɗumamawa da hunturu a sanyaya da bazara. Babbar tashar kwal guda ɗaya tana fitar da abin da ku duka za ku yi shekara da shekaru ba ku fitar ba, a wuni ɗaya tak. Bambancin kawai, nasu ba ya shiga ido, naku kuma ana hango shi daga titi.

Dalilin jan fentin kuwa shi ne, baƙi za su zo daga Turai ranar goma sha takwas ga wata, kuma Darakta yana son abin da zai nuna musu. Ya samo wasu injinan gas da zai ce sun maye gurbin murhunanku.

Shawarata, Mama, ku kashe wuta kwana uku kacal. Baƙi su zo su ɗauki hoto su tafi. Bayan nan na san yadda zan sa fayil ɗin ya yi barci. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Don Allah kada wannan takarda ta wuce hannunki.

Ɗanki mai biyayya,
Manniru

*

Kado
12 ga Maris, 2010

Manniru,

Na gaishe ka. Takardarka ta wuce hannuna tun ranar da ta iso. Na karanta wa mata a mitin ɗin ƙungiya, sau biyu, don Rosemary, ɗaya daga cikinmu, ta ce a maimaita wurin tashar kwal ɗin. Ka yi haƙuri, amma gaskiya ba naman ɓoyo ba ce.

Kwana uku ka ce. Ka taɓa barin ɗanyar tarwaɗa kwana uku a zafin Maris? Motar Lokoja ba ta san Darakta ba, tana sauke mana kifi kullum da safe. Injin naku kuma an kawo ɗaya mun gwada. Yana dafa kifi, ba ya banda shi. Kwana biyu sai tsutsa. Hayaƙin da kuke ƙi shi ne ke tsare kifin har ya kai Jos.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. In muka kashe wuta aka ɗauke mu hoto, mun amsa laifi ke nan. Za a kai hoton ƙasar masu tashar kwal, su kalla su ce an kama masu ɓata duniya, su koma cikin motocinsu da kwanciyar hankali. Ni ba zan ɗauki kayan wani a kaina in kuma yi murmushi ba. Janaretan ma'aikatarku ma da na tsaya kusa da shi a bakin get, sai da na yi tari.

Ranar sha takwas duk murhu arba'in da biyu za su ci wuta. Kuma zan yi wa baƙin magana da Hausa, don da ita nake iya fushi. An ce kai ne tafinta. Sai mu ga wa ya goya ka.

Catherine

*

Bwari
22 ga Maris, 2010

Mama,

Ina gaisuwa. Kin ga inda nake rubutowa. An yi mini canjin wurin aiki, yanzu ni ke kula da sito na tsofaffin kujeru a nan Bwari.

Akwai abin da ba ki ji ba ranar nan. Da muka sauko daga mota muka tarar da hayaƙi ya rufe layin, Darakta ya matso kunnena ya ce duk abin da kika faɗa in mayar da shi godiya. Haka muke yi a ma'aikata. Manomi zai zagi gwamnati da Hausa, tafinta ya ce yana maraba da baƙi. Na sha yi, ba sau ɗaya ba.

Sai kika fito ɗaure da zanin aikinki, kika dubi shugabar baƙin kika ce, "Da me kika zo ƙasar nan, da ƙafa? Wutar gidanki da ba ta ɗaukewa, me ake ƙonawa ake ba ki ita? Ki je ki shafa musu jan fenti tukuna, sannan ki dawo ki ga nawa."

Wallahi na buɗe baki da niyyar godiyar. Sai na ji kaina ina juya maganarki kalma bayan kalma, ban rage ko ɗaya ba. Matar ta sauke kyamararta. Ba a ɗauki hoto ba.

Kada ki ɗauka an gama. Darakta ya ji kunya a gaban baƙi, kuma fayil ɗin yanzu a teburinsa yake, ba a nawa ba. Ba zan iya tare muku komai ba. Duk da haka ban yi nadama ba, har ma ina cin abinci da daɗi.

Ɗanki,
Manniru

*

Kado
1 ga Afrilu, 2010

Ɗana,

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka kujerar da ta fi waɗanda kake gadi.

Sun zo ranar Talata da katafila da 'yan sanda. Duka arba'in da biyu suka kwantar. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Da suka tafi muka tattara ɓaraguzan, muka zuba ruwa, muka cuɗa da ƙafa. Ashe Daraktanku bai san da laka ake gina murhu ba.

Yau da safe murhu goma sha tara sun ci wuta, sauran suna bushewa. Makon Ista ne, mutane sun yi layi. In ka ga Daraktan ka ce in zai dawo ya bari sai Lahadi, sauran ranakun muna da aiki.

Mamarka,
Catherine