Inna, Na Ƙwace Wayar Ummi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a inda kike. Shekara shida ke nan da aka fita da ke daga ɗakinki. Ina rubuto miki daga Gumel, a gefen katifar takwararki Ummi, wadda yau kwana goma sha biyu ba ta iya juyawa sai an juya ta. Na san wasu za su karanta. Su karanta, amma da ke nake.

Kin bar ta tana firamare. Yanzu shekararta goma sha biyar, ta kamo ni tsawo. Bara babanta ya sayo mata waya a Maigatari, saboda malamansu suna turo darasi ta ciki. Tun ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Kullum a gurup ɗinmu na matan unguwa sai an turo labari: an yaudari wata, an yaɗa hoton wata, wata ta bi wanda ba ta taɓa gani ba. Ko ɗaya ban sani ba a cikinsu, amma da su nake wuni.

Wata Talata da hantsi tana wanki a tsakar gida, wayar ta yi haske a kan tabarma. Na duba. Lamba ce ba suna, an rubuta: "Turo min hotonki ba mayafi, ba wanda zai gani."

Inna, ban duba saƙonnin da ke sama ba. Na kashe wayar, na jefa a durowa, na murɗa makulli. Ta biyo ni hannunta duk kumfa tana cewa, "Mama, don Allah ki karanta duka." Na ce ta rufe min baki.

A ranar na yanke shawarar ta tafi hutu wajen ƙanwarki Goggo Ladi, a rugarsu ta bayan Sule Tankarkar, inda sai an fito bakin titi ake samun sabis. Babanta ya ce in bari ya dawo daga kasuwar Maigatari, Juma'a ya kai ta da kansa. Na ƙi. Gani nake duk kwanan da ta ƙara a gari, mutumin nan yana matsowa.

Alhamis da safe na saka ta a mota da hannuna. Na ce in ta sauka ta hau acaba. Wallahi ko sau ɗaya hatsarin acaban bai zo min a rai ba. Mutum uku da buhu a kan babur ɗaya, ba hular kwano, ga hanyar da damina ta zaizaye. Haka muke hawa kullum. Ke ma ina shekara takwas kike aikena rijiyar da ba ta da murfi, kina ɗora mu a amalanken shanu har Gagarawa Tasha, ba ki ko waiwayowa. Gidan kallo da wasiƙar samari, su ne ke hana ki sukuni.

Da la'asar mijin Goggo ya kira daga bakin titi. Ya ce, "Yarinyar ta fasa zuwa ne? Tun ɗazu muke duban hanya."

Na danna lambar Ummi, aka ce a kashe take. Na sake dannawa. Sai a na uku na tuna inda wayar take.

Na nemo direban ta wajen mutanen tasha, ya ce tun kafin azahar ya sauke ta. Babanta ya bar shanunsa a hannun abokinsa ya kama hanya. Ni kuwa ina ta zagaye tsakar gida, hijabi a wuya, na rasa inda zan nufa. Kin san abin da na yi ta tunani? Ba hatsari ba. Na ce mutumin wayar ne ya bi ta. Har a lokacin nan, shi nake gani.

Dab da magariba maƙwabciyata Maman Fa'iza ta faɗo gidan ba sallama, ta miƙo min wayarta. Hoton yarinya ne a gadon asibiti, fuska a kumbure, hijabi shuɗi ya zame. An rubuta a ƙasa: "Wanda ya san ta ya kira." Wata ma'aikaciyar ƙaramin asibiti ce ta ɗauka ta tura, ya bi gurup gurup har ya iso unguwarmu. Da kunnenta na hagu na gane ta, wanda kika huda mata ya karkace.

Da muka isa asibitin aka ce mana saniya ce ta ratso hanya, ɗan acaban ya kauce ya faɗa kwazazzabo. Tsohuwar da aka goyo tare da ita ba ta kai asibiti ba. Ummi ta karye a cinya, ta suma, ba komai a jikinta mai ɗauke da suna ko lamba.

Sai da muka yi mako da dawowa gida na iya buɗe durowar. Na karanta duka, yadda ta roƙa. Sau uku ta rubuta masa, "Ban san ka ba, ka daina." Ta toshe shi, ya canja lamba. Can ƙasa na ga abin da ta tura wa ƙawarta: "Ina tsoron faɗa wa Mama. Ƙwace wayar za ta yi, ta ce ni na jawo."

Na tuna ranar da kika tsinci wasiƙa a jakar makarantata. Na ga kin tsorata. Amma kika zaunar da ni a bakin murhu kika ce, "Faɗa min da bakinki, ina ji." Wannan zaman ne ban yi da ita ba.

Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ina tsoron wayar. Mutumin nan yana nan, babanta ya kai lambobinsa ga hukuma, ba mu ji komai ba tukuna. Sai dai yanzu ƙarar babur ma tana faɗar min da gaba. Likita ya ce ba zai iya tabbatar mana za ta taka ba ɗingishi ba sai an kwance ɗaurin ƙafar.

Jiya na ajiye mata wayar a gefen filo. Ba ta taɓa ba. Ta ce, "In ya sake turowa fa?" Na ce ta kira ni mu karanta tare. Ta daɗe tana kallona, kamar mai son gane ko da gaske nake. Da safen nan na ji ta ce, "Mama, zo ki gani." Na ajiye tsintsiya na je, na zauna, na yi shiru har ta gama magana.

Allah Ya haskaka kabarinki, Innata, Ya yafe miki kurakuranki. Ya jiƙan tsohuwar nan da ko sunanta ban sani ba. Ya miƙar da ƙafar takwararki, Ya tsare mana 'ya'yanmu daga abin da muke tsoro da abin da muka saba da shi har muka daina gani. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza