Motar Soja Ta Ƙetare Teku, Ta Maƙale a Ofishin Lasisi

Kawu Orval, ka taimake ni kafin matata ta mayar da motata akurkin kaji.

Ni mai kiwon zuma ne, ba yaro ba ne, na san ciniki. Bara na ga wata tsohuwar motar sojan Jamus a intanet, ƙirar 1974, mai tayoyi har ƙuguna, na saye ta. Niyyata biyu: in riƙa ɗaukar amya da ita zuwa gonaki maimakon akori-kurata, in kuma ɗauki surukina, Baba Wendell, a faretin huɗu ga Yuli, ranar bikin 'yancin ƙasarmu. Shekarunsa tamanin da huɗu, a Jamus ya yi aikin soja, irinta ya riƙa gani. Ranar da aka sauke ta, shafa ƙofarta ya yi kamar ya ga tsohuwar budurwa.

Kwastan sun sake ta ba gardama, tunda ta haura shekara ashirin da biyar. Na ɗauka an gama. Da na je ofishin lasisin jiharmu, matar da ke bayan kanta ta ce lambar shasin ta yi gajarta, kwamfuta ta ƙi ta. Na ce mata motar ta girmi kwamfutar, ta ce in je in faɗa wa kwamfutar. Sau uku ina komawa. A ƙarshe suka ce lambar motocin tarihi kawai za su ba ni: fareti, baje koli, da zuwa wurin bakanike. Ban da aiki. Na ce su riƙe abinsu, ban sayi mota don ado ba.

To ga Duane, ƙanen matata, yana tsallaken kogi a wata jihar, inda ake ba irinta cikakkiyar lamba. Ya ce in kawo a yi rajista da sunansa da adireshinsa, ni in ci gaba da tuƙi. Matata Marlys ta ce Duane ɗin da ya ari zarton injinmu shekara shida, har yana ara wa maƙwabta? Ta ce na sayo kabewar ƙarfe, har “Janar” take kirana. Saura sati uku fareti, tsoho kuma ya riga ya goge kakinsa ya rataye. Shin in ba Duane motar?

Janar Marar Lamba

Janar, ranka ya daɗe, a sauke bindiga.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kwastan ƙofar ƙasa suke tsaro, titi kuwa na jiha ne, kowace da nata ƙa'idar. Da ka tambayi ofishin lasisi kafin jirgi ya taso, da ba ka rubuto mini ba. Amma haushinka na kan hanya: mota ɗaya, kogi ɗaya, a can halal a nan haram.

Batun Duane, ban san shi ba, amma na san zarton. Wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai mota, ko da kai ke zuba mai. Kuma motar da ke kwana a gidanka da adireshin wani, ranar da ta daki shingen mutane, masu inshora za su ce ba su san zancen ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yanzu sake karanta wasiƙarka. Buƙata biyu ka lissafa, ɗaya ce ke da ranar ƙarshe, kuma ita ce aka miƙo maka a ofis ka ture da hannunka. Lambar fareti suka ba ka, fareti kake nema! Zuma ba ta damu da motar da ta hau ba, akori-kurarka ta ishe ta. Baba Wendell ne ya damu.

Gobe da safe ka koma wurin matar nan da kwalbar fara'a, ba ta zuma ba, kada a ce cin hanci. Karɓi lambar, sa a duba birki. Bayan fareti ka nemi ƙungiyar masu irin motocin nan a jiharku, ku kai kuka majalisa. Bakanike kuwa, tunda an halatta zuwa wurinsa, ban ga laifi ba idan gwanin yana gari na uku.

Allah ya kai ku lafiya, kai a sitiyari, tsoho a gefe yana sara wa jama'a. Duane ya zo kallo, ya taho da zarton.

Kawu Orval