Kaset Ɗin Da Na Ɗora Wa Wasan Ƙwallo

Doña Ofelia, mai shafin ba da shawara, don Allah ki cece ni, kwana huɗu ke nan ko gasasshen nama ba ya min daɗi.

Ni ne makaɗin ganga na farko a ƙungiyar mawaƙa ta Barro Manso. Eh, su ɗin dai da kike jin waƙarsu a kowace tasi. Kada ki wahala neman sunana a bayan faifai, sun sallame ni wata biyar kafin duniya ta san su. Shekara arba'in ina gaya wa masu kawo faci shagona cewa hassada ce ta sa suka kore ni. Matata ma ta daina gyaɗa kai.

A 1982 muka ɗauki waƙoƙin gwaji guda shida a garejin mahaifin Aníbal, mawaƙinmu, nan birnin Rosario, da rikodar aro. Kaset ɗaya tak, kuma ni na tafi da shi gida. Aníbal ya rasu farkon makon nan. Wajen jana'iza mahaifiyarsa, doña Zulema, mai shekara tamanin da takwas, ta riƙe hannuna, ta kira ni da laƙabina ta ce, "Gordo, ɗana, an ce kaset ɗin nan na wurinka. Ina so in ji yarona yana ɗan sha tara." Bakina bai yi shawara da ni ba, na ce Lahadi zan kawo.

To, makon da suka kore ni, don haushi na liƙe ramin kaset ɗin da salatif don ya karɓi sabon ɗauka, na ɗora sharhin wasan ƙwallo a kai, gaba da baya. Wasan ma da aka ci mu uku da nema! Minti biyu ne suka tsira a ƙarshe, babu waƙa ko ɗaya. Aníbal ne kawai yana ƙyaƙyata dariya yana cewa, "Kai Gordo, ganga kake bugawa ko kafet ɗin tsohuwarka kake kakkaɓewa? Mama! Ruwan shayin mate ɗin nan ya huce!" Sai a ji bugun nawa. Na saurara sau goma. Wallahi kafet nake kakkaɓewa.

In ce mata ya ɓace? Kunya kamar in nutse.

Tsohon Makaɗi, Rosario

Malam Makaɗi,

Na gane tsoronka. Ka shafe abin da ba naka kaɗai ba ne, kuma ranar Lahadi labarin hassada zai mutu. Ƙarya za ta rufa maka asiri, ban musa ba. Amma yaron da ya yi fushi ya manna salatif shekararsa ashirin, kai kuwa ka haura sittin.

Kafin komai, kai kaset ɗin wurin wanda zai juye shi a waya, tsohon zare ba ya jure juyi na goma sha ɗaya. Sannan ka je da kanka, ka faɗa mata abin da ka yi, har da uku da neman. Idan ta yi faɗa, ka sha.

Waƙoƙin Aníbal tana jin su a kowace tasi, kai ka faɗa. Abin da babu shagon da ke sayarwa shi ne muryar ɗanta yana ƙwala mata kira daga gareji. Wannan kuwa yana aljihunka.

Allah Ya ba ku haƙuri. Ka tafi da hankici biyu.

Doña Ofelia